Shekarar da Kwanon Garba Ya Dawo a Cike

Duk lokacin da aka turo ɗaliban koyon jinya asibitin garinmu, sai sun biyo ta ɗan shagon maganin da na buɗe a Bungudu bayan na yi ritaya. Su sayi ruwan leda, su tsaya suna gyara farar riga a gilashin kantata, ni kuwa ina jin hirarsu. A ganinsu aikin nan bai wuce farar riga da allura ba, sai kuma a riƙa ce maka likita a kasuwa. Ba na katse su. Amma duk wanda tsautsayi ya sa ya zauna a bencina, to ya shiga hannu, ba zai tashi ba sai ya ji yadda abin yake.

Aikin farko da aka ba ni a ƙaramin asibitin garin nan shi ne dafa sirinji. A lokacin na gilashi ne, ba irin na yanzu da ake yi da shi sau ɗaya a jefar ba. Tukunya ce da risho, ka jera su, ka zuba ruwa, ka tsaya a kai kamar mai dafa ƙwai. Maigidana, Malam Ɗanjuma dispensa mai ba da magani, bai bari na kusanci jikin mutum da allura ba sai da na huda lemo ya fi kwando. Ni ke saye, ni ke hudawa, shi kuma yana shanyewa, wai kada a yi almubazzaranci.

Mutanenmu kuwa allura suke so. Ka ba mutum ƙwaya mai kyau, sai ya juya ta a tafin hannu ya dube ka, ka ga alamar ya ji an raina shi. Akwai wata tsohuwa daga Rawayya da na yi wa allura a farkon fara aikina. Na yi ta a hankali, da taushin hannu, na tsaya ina jiran godiya. Ta gyara zane ta ce, "Ɗan nan, ruwa ka sa min? Ni ban ji komi ba." Ta wuce kai tsaye ta kai ƙarata. Malam Ɗanjuma ya ba ta haƙuri, ya yi mata ta bitamin mai raɗaɗi, ta fita tana ɗingishi tana sa masa albarka.

Babban karatun da na ɗauka a wurinsa, wanda ya bi ni har furfura, gajere ne. Duk wanda ya shigo yana cewa jikinsa ba daɗi, maleriya ce. In an yi magani bai tashi ba, taifot ne. In taifot ya ƙi, olsa ce. In olsa ma ta ƙi, a sa shi a mota sai Gusau. Yaran nan suna dariya in na faɗa, amma sau da yawa ana dacewa, don sauron Bungudu ba ya wasa da aikinsa. Illar kawai ita ce, in hannunka ya saba da hanya ɗaya, ita zai bi ko da ciwon ba a can yake ba.

Da aka mayar da ni Tsafe ne na haɗu da Garba. Ɗan garin ne, gajere, mai tumbi, kuma wankin ciwo shi ne fanninsa. Yana da wani almakashi da ya riƙe tun yana makaranta, ɗaure da igiya a aljihun riga. Ko aron yanka filasta bai taɓa ba ni ba. Na ga ranar da aka kawo wani manomi da fartanya ta sare wa ƙafa, ciwon ya kwana biyu an cusa masa ganye da toka, wari ya kori kowa daga ɗakin. Garba ya jawo kujera ya zauna, ya fara tambayar mutumin tsakaninsa da fartanyar wa ya fara tsokanar wani. Kafin manomin ya gama wanke kansa, an wanke ciwon, an yanke ruɓaɓɓen nama, an naɗe. Ya ɗago kai yana tambaya yaushe za a fara.

Abu biyu ne Garba bai iya ba: yin shiru, da cin abinci shi kaɗai. A unguwarsu suna da ciyayya. Da an idar da sallar magariba, kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Alhaji Sule mai goro, a baza tabarma, a riƙa buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya ana sa hannu gaba ɗaya. Kwanon Garba bai taɓa komawa gida da ko loma ɗaya ba, don matarsa Asabe in ta kaɗa miyar kuka da daddawa ta kwarara man shanu, har na ƙarshen layi sai ya san an sauke tukunya. A kan tabarmar nan yake zazzage musu asibiti kaf. Ba ya kama suna, amma za su ji labarin ƙaton da ya suma don ya ga allura, da mai jegon da ta zagi mijinta har kakanni, har da wanda ya cika a hannunsa. A ce Allah ya jiƙansa, a shafa, a jawo kwano na gaba. Na sha zama a wurin, kuma ni duk a zatona surutu ne kawai irin nasa.

Sai shekarar korona ta zo. Da farko aka tura kowa garinsu wayar da kai, Garba kuwa ya ɗauki abin da zafi. Ya miƙe tsaye a kan tabarmar ciyayya ya yi musu huɗuba: ba musabaha, ba cunkoso, ba haɗa hannu a kwano ɗaya, kuma duk wanda ya fito daga wurin masu cutar a ba shi tazara, ko da uban mutum ne. Tun yana saurayi yake ce wa mutanen nan su rage gishiri, su kwana cikin gidan sauro, su daina sayen allura a kasuwa, ko mutum ɗaya bai taɓa ji ba. Don haka ya faɗa ya wuce, bai sa a ransa za a ɗauka ba.

Daga nan aka kwashe mu, ni da shi da wasu tsofaffin hannu, aka kai mu cibiyar killace masu cutar a Gusau. Aka ba mu wata na'urar auna zafin jiki mai siffar bindiga, wadda ake saitawa a goshi. Wanda ya ƙera ta bai san Zamfara ba. Ranar farko a bakin ƙofa na ɗaga ta ga wani dattijo daga Wonaka, kafin in buɗe baki ya durƙusa ya ɗaga hannu sama yana cewa, "Wallahi shanun ba nawa ba na, kiwo anka ba ni." Sai da na auna kaina a gabansa, ya ga ban faɗi ba, sannan ya yarda ya miƙo goshi, idanu a runtse.

Rigar kariya kuwa ba a magana. Leda ce daga kai har ƙafa, ga takunkumi, ga tabarau, ga safar hannu a kan safar hannu, ga takalmin roba, cikin zafin bazara, da azumi a baki. In ka cire takalmin sai ka juye gumi kamar wanda ya tsallako rafi. Ba ka gane abokin aikinka sai ta tafiya, Garba kuma ta tumbi. Duk ba'arsa ta mutu a cikin ledar nan, don mara lafiya ba ya jin abin da kake faɗa sosai, fuskarka ma ba ya gani. A waje kuma gari ya rabu biyu. Wasu na cewa ciwon masu hawa jirgi ne, ƙarya muke yi. Wasu sun yarda har sun wuce mu yarda. Amma duk sun haɗu a kan abu ɗaya, ba mai son zama kusa da mu. Ɗan acaɓa in ya ji inda za ka sauka sai ya tuna mansa ya ƙare. Wanzamina kuwa, duk ranar da na je, sai a ce min yanzun nan ya fita.

Tsarin aikin shi ne ka yi makonni a ciki, a killace ka, a gwada ka, in ba a ga komai ba ka je gida ka huta ka dawo. Tun da Garba ya dawo daga hutun farko na lura ba shi ba ne. Ba'a ta ɗauke. Tumbi ya fara komawa ciki. Zai wanke hannu ya goge, ya tsaya, ya sake wankewa, har fatar ta tsattsage. In an fita cin abinci sai ya shige sito ya zauna a kan kwali. Idanu jajur, ba barci. Rannan yana naɗa bandeji, aikin da yake yi ido a rufe, sai ya tsaya da shi a hannu ya rasa ta ina ake farawa.

Muka zauna a kansa, mu ƙwararru, ni da Sista Hauwa shugabar ɗakinmu da sauran abokan aiki. An yi gwajin korona, babu. To me ya rage? Ga damina ta sauka. Muka kwantar da shi muka zuba masa allurar maleriya. Bai motsa ba. Muka ce ai taifot ne, aka ɗaura ruwa, aka bi da ƙwayoyi. Sista Hauwa ta ce rashin cin nan olsa ce, ta kawo farin maganin nan mai kauri ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Kullum da safe in saita masa bindiga a goshi, ta nuna lafiya lau, in ce, "Garba, ina gajiya?" ya ce, "Ba gajiya." Sai in je in shaida wa Sista cewa da sauƙi. Shi ma fa bai taɓa musawa ba. Da kansa yake miƙo hannu a nemi jijiya, har yana gyara mana inda za mu soka. Da ciwon a jikin wani yake, abin da zai ba shi ke nan.

Ranar da za mu tafi hutu na biyu, Garba ya kira ni bayan ɗaki. Ya kwance igiyar almakashin ya sa min shi a hannu.

"Riƙe wanga, Na-Bungudu."

"In yi mi da shi?"

"Ka yi aiki da shi. Ni ba ni komowa."

"To ina za ka?"

"Ban sani ba. Ni dai ban ga amfanina ba, ko nan ko gida."

Na ji tsoron da ban ji ba ko ranar da na fara shiga ɗakin masu cutar. Mutumin da ya hana ni aron almakashi shekara da shekaru, yau ya ba ni shi kyauta, yana kuma maganar ba shi da amfani. Na bi karatun Malam Ɗanjuma daga farko har ƙarshe, ban ga inda wannan ya faɗo ba.

Washegari maimakon in zauna a Bungudu sai na shiga motar Tsafe. Na isa da la'asar sakaliya, aka ce yana ɗaki kwance, fuska ga bango. Asabe ta same ni a zaure, ta tsaya daga bakin ƙofa.

Na ce, "Uwargida, mi ke damun mutumin ga? Ba maganin da ba mu ba shi ba."

Ta ce, "Malam, ni ban san aikinku ba. Abin da na sani, tun hutun hwarko da ya zo, kwanonai cike yake dawowa."

Ta ba ni labari. Ranar da ya iso ya fita da kwanonsa yana murna, baki cike da labarai. Ya tarar kowa ya ja kwanonsa gabansa yana ci shi kaɗai, daidai yadda ya umarta. Suka gaishe shi da mutunci, daga nesa, hannu a ƙirji, suka nuna masa wata 'yar tabarma da aka shimfiɗa masa can gefe tun kafin ya fito. Daga inda yake, in zai yi magana sai ya ɗaga murya, irin labarin da ya zo da shi kuma ba a faɗarsa da ihu. Ya zauna har aka watse, ya ɗauko kwanon da murfinsa yadda ya fita da shi. Washegari ma haka. Daga nan bai sake fita ba.

Na ce, "Bai yi musu magana ba?"

"Ya ce mi? Shi ya koya musu. Alhaji Sule har saƙo ya aiko, wai a hwaɗa mai suna nan bisa maganatai, ba su saɓa ba ko sau guda."

Dariya ta taso min, ƙwalla ta riga ta. Mutanen da ba su taɓa bin maganarsa ba, sai wannan karon suka bi ta har da gyara. Ba kuma zan ce sun yi laifi ba. Tsoronsu a kan hanya yake, mu ne muka ga abin da cutar take yi wa mutum.

Na roƙi Asabe ta ɗora tukunya, ta yi miyar nan ba ragi, ta haɗo min da ludayi da faranti biyu. Da aka idar da magariba na shiga ɗakin na ce masa ya tashi ya raka ni waje, don ni baƙo ne, kuma in an fara barin baƙo ya ci tuwo shi kaɗai a Tsafe, gobe zan ba da labari a tashar Gusau. Wannan ce ta tashe shi, ba don yana so ba.

Muka zauna a 'yar tabarmar gefe. Majalisa ta yi tsit, masu korona sun zama biyu. Na buɗe kwanon a hankali, na daidaita shi ta inda iska ke kaɗawa wajensu. Na zuba wa Garba, na zuba wa kaina. Sannan na yi irin cin da mahaifiyata ta hana ni tun ina yaro, da ƙara, da santi, da lasar yatsa, ina tambayar kaina da ƙarfi ko man shanun nan daga wace ruga aka kawo shi. Ta gefen ido ina kallon Alhaji Sule. Gidansa an san su da kyauta, ba a san su da miya ba, kuma shekaru ke nan kwanon Garba ne ke rufa masa asiri. Ya kai loma baki ya fasa. Ya sake kaiwa ya fasa.

Can ya yi gyaran murya. "Na-Bungudu, an dai gwada ku ko?"

"An gwada mu, Alhaji, har hancinmu ya gaji. Ba mu da komi."

"To ita miya, tana ɗaukar cutar?"

Na ce, "Ni baƙo na. Ga likitanku nan, shi ya kafa dokar, shi za ku tambaya."

Duk suka juyo ga Garba. Har na fara zaton na yi aikin banza. Sannan ya ce, da wata murya da ƙyar ta fito, "In da ludayi anka zuba, kowa da kwanonai, ba komi."

Alhaji Sule bai jira an maimaita ba. Ya wanke hannu, ya taso da kwanonsa, ya miƙo shi iya tsawon hannu, ya kau da kai kamar wanda za a yi wa allura. "Zuba. Wata da watanni ina cin miyar gidana, Garba, ko tausayina ba ka ji ba." Sauran suka biyo layi. Da za su koma, sai kowa ya ja tabarmarsa ya matso. Ba su manne da mu ba, amma sun zo inda magana ke kaiwa ba sai an ɗaga murya ba.

Aka ɗan ci. Sai Alhaji, baki cike, ya yi tambayar da ya saba yi kullum, "To, mi anka yi a asibiti?"

Garba ya fara ba su labari. Wani tsoho ne ya cika a hannunsa a makonnin farko. Ba a barin dangi su shiga. Tsohon yana ta kiran ɗansa, Garba ya durƙusa yana laƙƙana masa kalmar shahada ta cikin takunkumi, shi kuwa ba ya ji, yana ganin wani abu fari ba fuska ya sunkuyo a kansa, yana ta tambaya, wane ne kai, wane ne kai. Ba halin ɗage takunkumi. "Tun da nike aikin ga," in ji Garba, "ba wanda ya taɓa barin duniya yana tsorona sai shi." Daga nan ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ɗaki ɗaya muke aiki da shi, amma sai a ranar na ji labarin nan.

Can Alhaji Sule ya ajiye kwano ya ce, "Allah shi jiƙanai. In shi bai ji abin da ka hwaɗa mai ba, Wanda ka kira ya ji." Aka ce amin, aka shafa. Garba ya dubi farantinsa kamar yanzu ya gan shi, ya sa hannu. Ba wani ci ya yi na kirki ba, amma ya ci. Ni na mayar da kwanon zaure. Asabe ta ɗaga murfi ta leƙa, ta ga ƙasansa, ta rungume shi ta shige ciki.

Kada wani ya ɗauka miya ce ta warkar da shi. Sai da muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Gusau, da ja-in-ja, yana cewa shi bai taɓa jifan kowa ba, bai kuma fara tsince-tsince a bola ba. Likitan ya zauna ya saurare shi, ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya ɗora shi a kan magani na watanni da zuwa ana tattaunawa. Da ya ji abubuwan da muka ɗura masa, ya cire tabarau ya goge, ya ce to madalla, aƙalla yanzu an tabbatar ba shi da maleriya. Sai ya juyo gare mu, mu 'yan rakiya, ya tambayi yadda namu barcin yake. Sista Hauwa ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai ta fashe da kuka. Ni kuma na shiga nazarin silin.

Daga nan muka kafa tamu ciyayyar a cibiyar, da rana, ƙarƙashin dalbejiya, kowa da farantinsa da tazararsa. Doka ɗaya ce: wanda aka tambaya gajiya ya ce babu, ranar ba shi da nama. Ba a yi nisa ba ya bayyana cewa kusan kowa yana da nasa tsohon da yake ɗauke da shi.

Shi ya sa nake ce wa yaran nan masu farar riga, allura ba wuya, lemo ma ya shaida. Abin da ba a koya mana ba shi ne duba wanda ke tsaye kusa da kai cikin riga irin taka. In ka ga ya daina ci, ya daina magana, kafin ka ɗauko sirinji ka tambaye shi da wa yake cin tuwo.

Garba ya dawo aiki gab da girbin gero. Ranar ina yanka filasta da almakashin, sai na ji an tsaya a bayana. Tumbin bai gama dawowa ba, amma na gane tafiyar.

"Na-Bungudu, wa ya ba ka izinin taɓa min kaya?"

"Kai ka ba ni, kyauta."

"Mara lahiya ya ba ka. Je ka tambayi malamai in kyautar da mutum ya yi yana cikin ciwo tana zama."

Ya fizge abinsa, ya ɗaga shi ga haske yana duba ko na dakusar masa da baki, ya yi tsaki, ya ɗaure igiyar a aljihu. Tun da nake, ba a taɓa ƙwace min abu na ji daɗi irin na ranar ba.